Zaman masu tur a Garwa: wane inji za a shigo da shi rumfa?

Kawu Kafinta (Garwa):
Assalamu alaikum jama'a. Maganar zaman masu tur, wato injin da ke juya itace ana sassaƙa shi, da aka yi ta ɗagawa, an samu wuri a nan Garwa, rumfa babba mai wuta, kwana biyu, Asabar da Lahadi. Inji huɗu kawai za ta ɗauka, domin kowane inji yana son fili gaba da baya, ga kuma masu kallo. Waɗanda suka ce za su kawo nasu sun haura haka. Don kada a ji haushin juna, duk mai son kawowa ya faɗa mana abu uku: juyi nawa injinsa ke yi a minti idan an sa shi a mafi ƙarancin gudu, nauyinsa, da irin makunnin da ke jikinsa. Ban tambayi ƙarfin moter ɗinsa doki nawa ne ba, kuma da gangan ne.

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam Kawu. To don me aka tsallake doki? A nan kowa da doki yake yabon injinsa. Akwai irin wanda ake haɗawa da moter ɗin famfon ruwa, doki biyu, a ɗaura itace a bakin aks, wato sandar da ke juyawa, kai tsaye, ba bel ba puli, ƙafar da bel ke hawa. Ƙafar tebur kafin ka ce kwabo ya gama ta.

Injiniya (Ngaundere):
Ɗan Kusiri, irin wannan shi ne na farko da za a hana shiga. Wutarmu a Kamaru da Cadi bolt 220 ce, hez 50. A kan wannan wuta moter iri biyu ka fi samu a kasuwa: mai juyi kusan 1,400 a minti da mai juyi kusan 2,800. Na famfon ruwa kusan duk 2,800 ne. Ƙafar tebur mai kaurin santimita 6 ko 7 za ta jure wannan gudun idan ta riga ta zama zagayayya, shi ya sa mutane suke ganin lafiya lau. Ranar da wani ya ɗaura gungumen akushi mai faɗin santimita 30 a kai, ranar za a gane. Gefen itacen yana zagaya santimita 94 a kowane juyi, ka ninka da 2,800, ya kusa kilomita 160 a awa. Idan ɓawo ko tsagi ya ɓalle, da wannan gudun zai tashi.

Kuma ƙarfin da ke fizgar itacen waje ba daidai da gudu yake hawa ba. Ka ninka gudu biyu, ƙarfin ya ninku huɗu. Daga 700 zuwa 2,800 ninki goma sha shida ke nan a kan sukurori huɗun da ke riƙe itacen.

Lissafin da masu tur na Amurka suke koya wa juna da inci, idan aka mayar da shi santimita, ga shi: faɗin itace sau juyi ya faɗa tsakanin 15,000 da 23,000. Itace mai santimita 10, juyi 1,500 zuwa 2,300. Mai 30, juyi 500 zuwa 750. Mai 40, kusan 375 zuwa 575. Wannan ma ga itacen da ya daidaita ne, marar tsagi. Gungume mai nauyi gefe guda ƙasa da haka ake farawa.

Mai Walda (Marwa):
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma kada maganar ta koma cewa injin haɗin gida ba shi da kyau. Wanda ya lalace, mai haɗa shi ne ya yi ganganci. Da moter mai 1,400 da puli mai hawa huɗu an gama magana. A kan moter: santimita 5, 7.5, 10, 12.5. A kan aks, kishiyarsu: 15, 12.5, 10, 7.5. Juyin da za ka samu kusan 470, 840, 1,400 da 2,330. Kowane hawa idan ka tara puli biyun 20 ne, don haka bel ɗaya ya isa, ɗan bambancin da ya rage nauyin moter ɗin zai cinye idan ka ɗora shi a kan faranti mai hinji. Sai dai a lura, bel mai lamba A ba ya son puli ƙasa da santimita 7.5, yana zafi ya tsattsage. Ga puli mai santimita 5 a nemi siririn nan mai lamba Z.

Wanda yake son akushi mai wuce santimita 40, ya ƙara aks na tsakiya da wasu puli biyu ya raba gudun biyu.

Baban Ummi (Njamena):
Malam Mai Walda, duk wannan wahalar ta mece ce? Ƙananan injunan nan na kanti da ake shigowa da su ta Duwala ko Dubai, nauyinsu kilo 30 zuwa 45, moter wat 370 zuwa 550, suna juya itace mai faɗin santimita 25 zuwa 30, tsawo 40 zuwa 45. Gadonsu, wato dogon jikin injin, zubin ƙarfe ne, ba ya rawa. Tsinin kai da na wutsiya, biyun da ke matse itacen a tsakaninsu, suna haɗuwa daidai tun daga masana'anta. Mai koyo ya sayi wannan ya fara aiki ranar, maimakon ya yi wata uku yana jigila tsakanin mai walda da mai tur ɗin ƙarfe. Kuma mutum biyu za su ɗauke shi su sa a bayan mota su kawo Garwa. Naku na walda wa zai ɗaga?

Mai Walda (Marwa):
Rashin ɗaguwar ai ita ce amfaninsa, Alhaji. Injin kilo 35 ka ɗaura masa ɗanyen mangwaro kilo 8 mai nauyi gefe guda, sai ya bi tebur yana tafiya. Kuma ka duba mafi ƙarancin gudunsu. Da yawa daga masu canjin bel ba sa sauka ƙasa da 600 ko 700. Ga ƙota da carbi da ƙaramin gwangwani ba laifi. Ƙafar gado ma ba za ta shiga ba sai an sayi ƙarin gado.

Baban Ummi (Njamena):
A ɗaure shi da noti a kan benci, a sa buhun yashi biyu a ƙasan bencin. Shi ke nan tafiya ta ƙare. Kuma akwai masu maɓallin murɗawa da ke sauka ƙasa sosai.

Injiniya (Ngaundere):
Masu maɓallin murɗawa iri biyu ne, kada a haɗa su. Ƙananan galibi moter ɗin DC ne da kati na lantarki a ciki. Wannan katin ba ya son wutar da ke hawa da sauka, kuma idan ya ƙone samun irinsa a Marwa ko Njamena aiki ne. Duk mai irinsa ya sa masa na'urar daidaita wuta. Na biyu shi ne moter mai layi uku da bariyata. Bariyata tana karɓar wutar gida mai layi ɗaya 220, ta fitar da layi uku 220, ta kuma ba ka damar rage gudu yadda kake so. Wannan za a iya sa wa injin Mai Walda ma. Sharuɗɗansa: allon moter ɗin ya nuna bolt 230/400, a buɗe akwatin wayoyinsa a mayar da haɗin zuwa alwatika, ba tauraro ba. Kada a sa makunni tsakanin bariyata da moter. A sa bariyatar a cikin akwati mai hanyar iska nesa da ƙurar katako. Sannan kada a jefar da puli don an samu bariyata: idan ka rage moter ya koma kashi ɗaya cikin biyar na gudunsa, fankarsa ma ta rage, zai yi zafi, ƙarfinsa kuma ya ragu. Babban akushi a sa bel a hawan ƙasa, sannan a yi wasa da maɓalli.

Wani abu kuma ga masu sayen na hannu: injin da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 ne, hez 60. Ko ka sa masa taransifoma, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida kuma ya fi saurin zafi.

Modibbo (Gider):
Salamu alaikum. Duk kuna magana kamar wuta tana nan kullum. Arewa da madatsar Lagdo ta dogara tun 1982, idan ruwa ya ja baya kowa ya san abin da ke biyowa. Ina ba da shawara a bar wa tur marar wuta gurbi ɗaya cikin huɗun. Na baka, mai kama da bakan harbi, irin wanda masu sana'a suke aiki da shi a kasuwar Marrakesh, hannu ɗaya yana jan baka, ɗaya hannun da yatsun ƙafa suna riƙe cizal, ƙarfen yanka. Ko na taki, mai igiya a naɗe jikin itacen, ƙasa tana ɗaure da abin takawa, sama da reshe mai lanƙwasa ko robar tayar mota. Da irinsa aka daɗe ana yin ƙafafun kujeru a dazukan da ke kewaye da High Wycombe a Ingila. Itacen yana juyowa wajenka idan ka taka, ya koma idan ka saki, don haka yanka a takawa ne kawai, a komawa ka ɗan janye ƙarfe. Ɗanyen itace yake so. Wanda ya koya a kansa dole ya iya wasa ƙarfe, domin ba moter da zai rufa masa asiri.

Kawu Kafinta (Garwa):
Allah ya gafarta Malam, an ba ku gurbin. Ba ya ma buƙatar rumfa, gindin darbejiya ya ishe shi, sai huɗun su zauna yadda suke.

Maganar wuta ta kawo mu kan tambayata ta uku. Makunni irin na fitilar ɗaki, wanda ke zama a kunne, ba zai shiga ba. An ɗauke wuta, mutum ya sa hannu yana shafa aikin ko yana kwance mandaren, abin da ke riƙe itacen da haƙora, an dawo da ita, inji ya tashi da kansa. Makunni mai maganaɗisu ake so, kore da ja, wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta tafi. Injunan kanti da yawa suna zuwa da shi. Na haɗin gida a sa masa kontakta, ba tsada. Jan maɓallin kuma ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an miƙa ta saman itacen ba.

Ɗan Kusiri:
Idan an ɗauke wuta, gurup, wato janareta, mai ƙarfi nawa zai tada inji huɗu?

Injiniya (Ngaundere):
Moter yana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarsa a lokacin tashi. Doki ɗaya, wato wat 750, kada a ba shi ƙasa da kVA 2.5 zuwa 3. Inji huɗu ba sai an ninka huɗu ba idan ana tada su ɗaya bayan ɗaya, babba tukuna. Mai bariyata yana tashi a hankali, bai cika wahalar da gurup ba. Waya kuma mai kaurin murabba'in milimita 2.5, a warware ta duka daga kan abin naɗi, a kafa waya ta ƙasa. Idan aka ji moter yana gurnani bai juya ba, a kashe nan take. Ko wuta ta yi ƙasa, ko kwandansa ta mutu, ko ƙura ta cika ɗan makunnin da ke cikinsa. Minti ɗaya a haka ya isa ya ƙone shi.

Moter ɗin injin wanki na zamani, mai gawayi, kada wanda ya ɗauka. Ba tare da katinsa ba yana haura juyi 10,000.

Hajiya Mai Akushi (Garwa):
Sannunku da aiki. Kun cika mu da moter, ba wanda ya ce komai a kan abin da ke riƙe itacen, alhali daga nan yake tashi. Kawu, a duba wannan ma a bakin ƙofa.

Farantin da ake ɗaure itace a kansa: sukurori masu kauri, milimita 5, su shiga itace aƙalla santimita 2.5, a cika duk ramukan. Baƙaƙen sukurorin nan na silin ba sa lanƙwasa, karyewa suke yi, a bar su. Sukuru a kan goshin itace, inda jijiyoyi suka ƙare, ba ya kamawa kamar a gefe.

Mandaren mai haƙora huɗu: gindin da za ka fitar masa ya kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin akushin ko sama da haka kaɗan. Kafaɗarsa ta zauna daram a fuskar haƙoran, ƙarshensa kuma kada ya taɓa cikin mandaren. Mutane suna yin sa dogo suna zaton ya fi ƙarfi, sai ya tokare a ƙasa, kafaɗa ta rataye, cafka ɗaya, wato bakin ƙarfe ya kama itace ba zato, sai aikin ya fita. Idan haƙoran masu karkata ne a yanka gindin da irin karkatarsu. Ɗanyen itace yana motsewa, a riƙa tsayawa ana ƙara ɗaurewa. Wutsiya kuma ta tokare aikin har sai ba yadda za a yi.

Mandaren ɗin tur na ƙarfe mai haƙora uku ba na itace ba ne. Haƙoransa suna murƙushe itacen, ga su a waje suna jiran yatsu.

Baban Ummi (Njamena):
Ranki ya daɗe, a nan ne na kanti ya fi. Zaren bakin aks ɗinsa sananne ne: ko inci 1 mai zare 8, ko M33 mai taki 3.5 na Turai. Ka sayi mandaren ko'ina ya hau. Na walda kowa da zarensa.

Mai Walda (Marwa):
Wannan kam na yarda, kuma gyaransa a hannunmu yake. Duk mai haɗa sabo ya ɗauki aks mai milimita 35, mai tur ɗin ƙarfe ya yanka masa M33 da kafaɗa mai kyau a bayan zaren, domin a kan kafaɗar mandaren yake daidaita, ba a kan zare ba. Ya huda masa rami mai tsukewa na Morse lamba 2, bakinsa milimita 17.8, da ramin milimita 10 har baya don a riƙa bugo tsini ya fito. Wutsiya ma lamba 2. Rulma, wato boris, mai gida UCP 207 tana hawa aks ɗin 35, tana da sauƙin samu, amma ba a yi ta don turi daga gaba ba, kuma wutsiya turi take yi. A sa zobe a bayanta, ko a yi amfani da rulma mai tsukewa irin ta ƙafar mota, guda biyu suna fuskantar juna da noti na ɗaurewa.

Gado: ƙarfen U guda biyu, na milimita 100 ko 120. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi shi da walda tiryan-tiryan, zafi ya murɗe shi. A ɗiga walda nan da can ana sauya gefe, ko a haɗa da noti. Gwaji mai sauƙi: sa tsini a kai, sa a wutsiya, matso da su. Idan ba su sumbaci juna ba a kusa, a nesa abin ya fi muni, kuma duk ramin da ka huda zai fi bakin abin huji faɗi. Tsayin tsinin daga ƙasa daidai gwiwar hannun mai aiki.

Ɗan Kusiri:
To ƙarafan yanka fa? Saitin kanti tsada. Nan maƙera suna yi da tsohon magagari da sifirin mota.

Hajiya Mai Akushi (Garwa):
Ɗana, magagari a'a. Ya yi tauri har ya zama mai ƙarfin gilashi, kuma kowane layin haƙorinsa mafarin karaya ne. Idan ya cafke ba ya lanƙwasa, tarwatsewa yake yi. Sifirin mota ya fi, idan maƙerin ya iya ba shi ruwa ya kuma sassauta shi har launin kara. Sai dai irin wannan ƙarfe idan bakinsa ya yi shuɗi a dutsen washi ya mutu, sai an cinye wurin. A riƙa tsoma shi a ruwa akai-akai. Na kanti mai alamar HSS shuɗi ba ya kashe shi, shi kuma ba a tsoma shi da zafi, bakinsa yana yin ƙananan tsagi.

Ba sai an sayi saiti ba. Guj, wato ƙarfen yanka mai kwarmi, na fasa kusurwa, guj na ado, guj na akushi, siririn ƙarfen yankewa, da makankari ɗaya. Gangaren bakinsu: na fasa kusurwa digiri 40 zuwa 45, na ado 30 zuwa 35, na akushi 40 zuwa 55 gwargwadon zurfin aiki, makankari 70 zuwa 80. Cizal mai karkataccen baki a bar shi sai hannu ya zauna.

Abin da nake roƙon duk mai nuni ya faɗa da babbar murya: guj na fasa kusurwa, mai faɗin nan, na itacen da jijiyarsa ta bi tsawon gado ne kawai. Ba ya taɓa akushi. A akushi goshin itace yana zuwa sau biyu a kowane juyi, faffaɗan bakin ya kama, wuyansa kuma siriri ne inda ya shiga ƙota, nan yake karyewa. Guj na akushi daga sandar ƙarfe zagayayya aka fafe shi, kaurinsa ɗaya har cikin ƙota.

Modibbo (Gider):
Hajiya ta gama magana. A ƙara da tsarin sa ƙarfe, don masu koyo: ya zauna a majingina, sandar da ake jingina ƙarfe a kanta, tukuna, sannan bayan bakinsa ya shafi itace ba tare da yanka ba, sannan a ɗaga ƙota a hankali har sassaƙe ya fara fita. Wanda ya fara da tsinin baki shi ke samun cafka. Majingina ta matso kamar rabin santimita, a juya itacen da hannu zagaye guda kafin a kunna, kuma ba a gyara ta inji yana gudu. A ƙota ko ƙafar tebur ana yanka daga kauri zuwa siriri. A bayan akushi daga gindi zuwa baki, a cikinsa daga baki zuwa tsakiya. Wanda ya juya wannan zai ga itace yana tsigewa, ya ɗora laifin a kan samfefa.

Baban Ummi (Njamena):
Itace fa, kowa ya zo da nasa? Mu nan tun ƙarshen 2008 aka hana saran ɗanyen itace, ba wanda zai ɗauko gungume ya bi ta gadar Ngeli ta iyaka da shi.

Kawu Kafinta (Garwa):
Kada wanda ya tsallako iyaka da itace. Madobiya tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa tsakanin ƙasashe, tun 2017, maɗaci da kawo aka ƙara su a taron Panama na 2022. A cikin gida ma malaman daji suna tambayar takarda. Za mu tanada a nan: rassan darbejiya da mangwaro daga masu sassabe da izini, da guntayen katakon kudu daga wurin kafintoci, irin wanda jirgin ƙasa ke saukewa a Ngaundere.

Mai koyo darbejiya ko mangwaro ɗanye. Ayus yana da taushi amma yana tsigewa idan ƙarfe bai yi kaifi sosai ba. Sapeli jijiyarsa a sarƙe take, yanka kaɗan-kaɗan yake so. Ƙirya da tsamiya da marke ga gwanaye, suna cin baki, kowane 'yan mintuna sai an koma dutse. Iroko ban so a kawo shi cikin taro ba: ƙurarsa tana tada asma da ƙaiƙayi, kuma wani lokaci akwai dutse-dutse fari a cikinsa da ke ɓantare baki.

Hajiya Mai Akushi (Garwa):
Kawu, wane wata? Idan hunturu ne, ɗanyen akushi zai tsage kafin mai shi ya kai tasha.

Kawu Kafinta (Garwa):
Hunturun ne, Hajiya. Maris da Afrilu a Garwa ba wanda zai tsaya gaban inji da garkuwar fuska, damina kuma hanya.

Hajiya Mai Akushi (Garwa):
To a shirya masa. Idan ɗanshin iska ya sauka kashi 20 cikin ɗari, itace yana neman ya koma kashi 4 ko 5. A iskar Agusta mai kashi 80, kusan 16 yake zama. Wannan tazara ita ce ke sa murfin gwangwanin da aka yi a hunturu ya ƙi buɗuwa da damina, katakon kudu kuma ya motse bayan ya iso.

Gungume da zarar an yanka a shafe goshinsa biyu da farin gam na kafinta ko narkakken kyandir. A tsaga shi biyu a fitar da cibiyar gaba ɗaya, daga ita tsagi yake farawa, domin itace yana motsewa ta zagaye kusan ninki biyu na yadda yake motsewa daga tsakiya zuwa ɓawo. A yi fafe na farko a bar kaurin bango kashi ɗaya cikin goma na faɗi: akushi mai santimita 30, bango santimita 3, kuma kaurin ya zama ɗaya har gindi. Idan za a tashi salla a rufe shi da leda a kan injin. An gama, a sake shafa gam a goshi, a sa shi a takardar buhun siminti da aka kakkaɓe, tare da sassaƙensa, a ajiye a ƙasan ɗaki inda iska ba ta bugawa. A riƙa aunawa a sikeli duk mako, ranar da nauyi ya daina sauka an kai. Zai fito kamar ƙwai, shi ya sa aka bar kaurin, a mayar da shi inji a daidaita.

Akushin abinci kada a shafa masa man gyaɗa, yana ɗoyi daga baya. Kakin zuma kashi ɗaya, man farafin na kantin magani kashi huɗu, a narka tare. A shafa da takarda, ba tsumma ba, tsumma idan ya naɗe da yatsa yake tafiya.

Injiniya (Ngaundere):
A manyan tarukan waje, irin na ƙungiyar masu tur ta Amurka da aka kafa a 1986, ko makarantar Escoulen da ke Aiguines a Faransa, abin da ya kamata mu ɗauka ba tsadar injunansu ba ce, tsarin wurin ne. Itace idan ya tashi, ta gefen da yake juyawa yake fita, gaba ko baya, ba ta wajen kai ko wutsiya ba. Kujerun masu kallo kada su faɗa wannan layin, ko a sa shinge. Shingen na polikabonet ne ko ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Gilashi da farar robar nan ta allon talla fashewa suke yi. Mai aikin ma ya kauce daga layin lokacin kunnawa.

Modibbo (Gider):
Sai maganar sutura, kuma da manya nake. Babbar riga, hirami, jelar rawani, carbi a wuyan hannu, agogo, zobe, duk a ajiye kafin a matso. Hajiya da sauran mata, mayafi a soke shi cikin riga. Safar hannu haramun ce a wannan aiki. Tabarau kaɗai ba ya tare gungume, garkuwar fuska ake so. Lokacin samfefa a cire majingina, a rage gudu, a sa takunkumi na ƙura, ba na asibiti ba. A bi lamba 80, 120, 180, 240 ba tsallake, kuma kada a danna har itace ya yi zafi, goshinsa yana yin ƙananan tsagi da ba sa gyaruwa.

Kawu Kafinta (Garwa):
To ga yadda za a yi. Gurbi biyu na ƙananan injunan kanti, a ɗaure a benci, su ne na masu koyo, ƙota da muciya da carbi. Gurbi ɗaya na haɗin gida mai puli, na ƙafar tebur da sandar labule. Na huɗu wanda zai iya sauka ƙasa da juyi 500, shi ne na akushi, ko na kanti ne ko na walda ban damu ba. Na Modibbo a gindin bishiya. Injin washi ɗaya a tsakiya mai farin dutse, mutum ɗaya a kansa yana koyarwa duk yini. Mai Walda da Injiniya su duba kowane inji ranar Juma'a da yamma.

Ɗan Kusiri:
Kawu, mai moter ɗin famfon fa, idan ya sa puli?

Mai Walda (Marwa):
Daga 2,800 zuwa 470 raba gudu gida shida ne. Puli mai santimita 5 a moter yana buƙatar mai 30 a aks, bel kuma ba zai kama ƙaramin da kyau ba, zai riƙa zamewa. Ko ya yi hawa biyu da aks na tsakiya, ko ya sayar da shi ya nemi mai 1,400 rufaffe, mai fanka a baya. Na biyun ya fi sauƙi. Ya ɗauko hoton allon da ke jikin moter ɗin kafin ya biya, a duba masa.